Kalaman Ƙiyayya a Intanet: Wa Ke Yanke Hukunci, Kuma Da Wane Ma'auni?

A ɗauki jumla ɗaya tak: "Waɗannan kyankyasai sun ishe mu, sai an yi musu feshi." Idan uwargida ce ta rubuta ta ƙarƙashin hoton ɗakin girkinta, maganin ƙwari take nema. Idan ɗan jarida ne ya kawo ta cikin rahoto don ya nuna abin da wani ya faɗa, aikinsa yake yi. Idan kuwa ɗan siyasa ne mai ɗimbin mabiya ya wallafa ta ana saura kwana uku zaɓe, ga hoton unguwar wata ƙabila a maƙale, to wannan kiran kisa ne. Kalmomin ba su canza ba ko harafi ɗaya, amma hukuncinsu uku ne daban-daban. Duk wahalar da gwamnatoci da kamfanoni ke sha a kan kalaman ƙiyayya daga nan ta samo asali.

Ba da gangan aka zaɓi kyankyaso don ƙawata misali ba. Da wannan sunan gidan rediyon RTLM ya riƙa kiran 'yan Tutsi a Ruwanda a 1994, lokacin da aka kashe mutane kimanin 800,000 cikin kwana ɗari. A 2003 kotun duniya da ta zauna a Arusha ta Tanzaniya ta samu wasu jagororin gidan rediyon da mai jaridar Kangura da laifi. Abin da intanet ta sauya shi ne yanzu kowa gidan rediyo ne, kuma babu edita tsakanin mai magana da mai saurare.

Matakai uku da ake yawan cakuɗawa

Dokokin ƙasa da ƙasa ba su da wata ma'ana guda ta "kalaman ƙiyayya" da ta hau kan kowa. Abin da ake da shi yarjejeniyar 'yancin jama'a da na siyasa ce ta 1966. Sashe na 19 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin baki, sashe na 20 kuma ya wajabta wa ƙasashe su haramta yaɗa ƙiyayyar ƙasa ko launin fata ko addini idan ta kai matsayin ingiza mutane ga wariya, gaba ko tashin hankali.

Daga nan masana suka kasa maganar gida uku. Akwai wadda dole doka ta hana, kamar ingiza jama'a ga kisan ƙare dangi, wanda yarjejeniyar 1948 ta riga ta mai da shi laifi. Akwai wadda ƙasa na iya taƙaitawa idan ta cika sharuɗɗa uku: dokar ta kasance a rubuce kuma a fayyace, manufarta ta halasta, hukuncin kuma kada ya wuce gwargwadon ɓarnar. Barazana ga wani mutum takamaimai da cin zarafi na taron dangi suna nan. Sai ta uku, wadda ita ce mafi yawa: baƙar magana, gori, zambo, raini da rashin kunya. Mummuna ce, tana da ciwo, amma ba laifin da za a ɗaure mutum a kai ba ne. Kamfani na iya cewa ba ya son ta a dandalinsa, kamar yadda mai gida ke da ikon korar baƙon da ya zagi iyalinsa. Ɗan sanda kuwa ba huruminsa ba ne.

Galibin dokokin da suka lalace a wannan fanni sun lalace ne saboda sun ɗauki sandar da aka tanada don mataki na farko sun maka wa na uku.

To ta yaya za a gane magana ta tsallaka daga zagi zuwa tunzuri? Mafi amfanin ma'aunin da ake da shi shi ne Tsarin Rabat na 2012, wanda ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya jagoranci samarwa. Tambayoyi shida ne, kuma ana so a amsa su duka kafin a kira magana laifi.

Ta farko yanayi: shin ana zaman ɗar-ɗar, an taɓa kai wa waɗanda ake magana a kansu hari, ko zaɓe ya gabato? Ta biyu matsayin mai magana, domin abin da ɗalibi ya faɗa cikin fushi ba ɗaya yake da abin da janar na soja ko babban malamin addini ya faɗa ba. Wancan ana iya yi masa dariya, wannan kuwa umarni ne a kunnen mabiyansa. Ta uku niyya. A nan ake ware mai rahoto, mai bincike, mai barkwanci da wanda aka zaga ya sake wallafa zagin don duniya ta gani. Sakaci ko ganganci kaɗai bai isa ba, sai an ga alamar mutum na nufin a far wa wasu. Ta huɗu abin da aka faɗa da salon faɗarsa: kai tsaye aka ce a kashe, ko habaici aka yi? An ambaci wuri da lokaci? Ta biyar nisan da maganar ta kai, wato a zauren mutum goma aka yi ta ko a shafin da miliyoyi ke bi, sau ɗaya ko kullum. Ta shida yiwuwar ɓarna ta auku, kuma nan kusa. Ba sai jini ya zuba ba tukuna, amma tilas a nuna hatsarin na gaske ne, ba zato ba.

Duk wanda ya lura zai ga cewa biyar daga cikin shidan ba a cikin kalmomin suke ba. A wajen rubutun suke. Wannan ne ya sa jerin haramtattun kalmomi bai taɓa warware matsalar ba.

Wa zai ɗauki alhaki?

A Amurka, gyaran farko na kundin tsarin mulki ya kare kusan duk wata magana, har mai muni. Tun hukuncin kotun ƙoli a shari'ar Brandenburg ta 1969, ba a hukunta mai tunzuri sai idan maganarsa na nufin haddasa karya doka nan take kuma akwai yiwuwar hakan. Sashe na 230 na wata dokar 1996 kuma ya ce ba za a ɗauki dandali a matsayin mawallafin abin da masu amfani da shi suka rubuta ba, tare da ba shi damar goge abin da ya ga dama. Da yake manyan kamfanonin can aka haife su, ƙa'idojin cikin gida da suka rubuta wa kansu ne suka zama dokar magana ga biliyoyin mutane. Irin waɗannan ƙa'idoji kuwa suna juyawa da iskar siyasa da ra'ayin mai kamfani: Twitter ya rusa majalisarsa ta masu ba da shawara kan tsaro a Disamba 2022, ƙasa da watanni biyu bayan Elon Musk ya saye shi, Meta mai mallakar Facebook kuma ya sassauta ƙa'idojinsa kan kalaman ƙiyayya a Janairu 2025.

Jamus ta bi wata hanya dabam. Dokarta ta 2017 da ake kira NetzDG ta shafi dandalin da ke da masu rajista sama da miliyan 2 a ƙasar. Kafin a soke yawancinta a 2024, ta ce abin da haramcinsa ya fito fili a cire shi cikin awa 24 da samun ƙorafi, sauran cikin kwana 7, tarar kuma na iya kaiwa Yuro miliyan 50. A takarda abin ya yi kyau. Aibinsa yana cikin lissafin riba da asara: idan kamfani ya bar haramtaccen rubutu, tara na jiransa, idan ya goge halastacce, babu mai cin tararsa. Duk ma'aikacin da ke shakka, gogewa zai yi ya huta. Wani darasin kuma ya fito a 2019, lokacin da hukumomin Jamus suka ci Facebook tarar Yuro miliyan 2 saboda rahotonsa ya ƙididdige ƙorafe-ƙorafen da suka shigo ta wani fom na musamman kaɗai, wanda ba kowa ke iya gano inda yake ba. Idan doka ta ce a ƙirga, tilas ta faɗi yadda za a ƙirga.

Faransa ta yi yunƙurin kwaikwayon wa'adin awa 24 a 2020, sai majalisar kula da tsarin mulkin ƙasar ta soke zuciyar dokar a watan Yuni na shekarar, bisa dalilin cewa za ta tura kamfanoni su riƙa share magana ba tare da alƙali ya duba ba.

Tarayyar Turai ta koyi wani abu daga wannan. Dokarta ta ayyukan intanet, wadda ta fara aiki kan manyan dandali a Agusta 2023 sannan ta game kowa a Fabrairu 2024, ba ta ƙirƙiro sabuwar ma'anar kalaman ƙiyayya ba, ta bar wannan ga dokokin da ake da su. Ba ta kuma ɗora wa'adin awoyi ba. Tsarin aiki ta sa wa ido. Dole dandali ya samar da hanya mai sauƙi ta kai ƙara. Idan ya goge rubutunka ko ya rage masu ganinsa, dole ya gaya maka dalili, ya kuma ba ka aƙalla wata shida ka ɗaukaka ƙara, sannan akwai masu sasanci masu zaman kansu a wajen kamfanin. Dandalin da ke da masu amfani miliyan 45 ko fiye a Tarayyar zai riƙa auna hatsarin da tsarinsa ke jawowa kowace shekara, masu bincike na waje su tantance, ya kuma ba mutane zaɓin ganin rubuce-rubuce ba bisa bin diddigin halayensu ba. Tara na iya kaiwa kashi 6 cikin 100 na kuɗin shigar kamfanin a duniya baki ɗaya. Birtaniya ta yi tata dokar a 2023, ta damƙa wa hukumar kula da sadarwa ta Ofcom, da tarar fam miliyan 18 ko kashi 10 cikin 100 na kuɗin shiga, duk wanda ya fi yawa.

A ganina wannan alƙibla ta fi daidai, ko da yake tana da nata nauyin: sai ƙasa na da hukuma mai ƙwararru da kuɗi da 'yanci kafin ta iya karanta rahoton kamfani ta gane inda aka yi mata rufa-rufa.

Yadda ake tacewa, da inda ake tuntuɓe

Rubutu kan bi matakai kafin a yanke masa hukunci. Da zarar an ɗora hoto ko bidiyo, ana kwatanta shi da ma'ajiyar abubuwan da aka riga aka haramta, ta hanyar wata lamba da ake cirowa daga kowane fayil, tamkar zanen yatsa. Facebook, Microsoft, Twitter da YouTube sun kafa gamayya a 2017 da ke kula da irin wannan ma'ajiya don abubuwan ta'addanci. Bayan haka manhajar ƙirƙirarriyar basira ta karanta rubutun ta ba shi maki. Mai maki sosai a goge shi kai tsaye, na tsakiya a tura wa mutum ya duba, na ƙasa a bar shi sai idan wani ya yi ƙorafi. Mutanen da ke dubawa galibi 'yan kwangila ne a wasu ƙasashe, kowannensu na yanke ɗaruruwan hukunci a rana, ana auna su da sauri da kuma yadda hukuncinsu ya dace da na mai duba su. Ba su da lokacin tambayar wane ne mai maganar ko me ke faruwa a garinsu.

Ga wani lissafi na misali da zai nuna girman matsalar. A ce dandali na karɓar rubutu miliyan 100 a rana, ɗaya cikin dubu ne kalaman ƙiyayya, wato 100,000. A ce manhajar na kama kashi 90 cikin 100 na miyagun, tana kuma kuskure a kan kashi 1 kacal na masu kyau. Za ta kama 90,000, 10,000 su sulale. Amma kashi 1 na sauran ya kusa miliyan ɗaya. Ke nan duk mugun rubutu ɗaya da aka kama, an haɗa da kusan goma sha ɗaya da ba su ji ba ba su gani ba. Idan aka tsananta ma'aunin, marasa laifi su ƙaru. Idan aka sassauta, miyagu su wuce. Babu saitin da zai kawar da duka biyun.

Su wa ke faɗawa cikin wannan koma? Sau da yawa waɗanda ake son karewa ne. Wani bincike na jami'ar Washington a 2019 ya nuna cewa manhajojin gano zagi sun fi saurin ɗaukar rubutun da aka yi da karin Ingilishin baƙaƙen fatan Amurka a matsayin ɓatanci, har kusan ninki biyu. Dalili shi ne mutanen da suka yi wa misalan koyarwar alama ba su san karin ba, manhajar kuma ta gaji jahilcinsu.

Masu yaɗa ƙiyayya kuwa sun fi kowa sanin inda tarkon yake. Suna sauya harafi da lamba, su rubuta magana cikin hoto, su raɗa wa ƙabila sunan dabba ko kayan lambu, su yi shaguɓe da gugar zana wadda 'yan gari kaɗai ke ganewa. Duk harshen da ya iya habaici ya fi ƙarfin jerin kalmomi.

Myanmar ce ta fi nuna abin da rashin sanin harshe ke jawowa. Binciken kamfanin dillancin labarai na Reuters ya gano cewa a farkon 2015 mutum biyu kacal masu jin harshen Burma, babban harshen ƙasar, ke duba ƙorafe-ƙorafen Facebook, a ƙasar da dandalin ya zama shi ne intanet ga mafi yawan jama'a. Ƙari a kan haka, a lokacin yawancin wayoyin ƙasar na amfani da wani tsarin rubutu mai suna Zawgyi wanda bai dace da wanda duniya ke bi ba, don haka manhajojin tacewa ba sa karanta shi daidai. Da kamfanin ya tashi toshe kalmar "kalar" da ake zagin Musulmi da ita, sai aka riƙa kama masu rubuta sunan kujera da na wani nau'in wake, domin kalmar na cikin sunayensu. A 2017 'yan Rohingya, wata ƙabilar Musulmi a ƙasar, sama da 700,000 suka tsere zuwa Bangladesh. A ƙarshen 2018 kamfanin da kansa ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba.

Sauri ma wani ƙalubale ne. Ranar 15 ga Maris 2019 wani ɗan bindiga ya kashe mutum 51 a masallatai biyu a Christchurch ta New Zealand, yana yaɗa harin kai tsaye. Facebook ya ce ƙasa da mutum 200 ne suka kalla a lokacin, kuma ƙorafin farko bai shigo ba sai minti 12 bayan an gama. Cikin awa 24 ya cire kwafi miliyan 1.5, miliyan 1.2 daga ciki tun a bakin ƙofa aka tare su. Ragowar 300,000 sun shiga, da yawa saboda an yanke bidiyon ko an sake ɗaukarsa daga allo, zanen yatsan ya canza. Wa'adin awa 24 a irin wannan yanayi ihu ne bayan hari.

Abin da ke rura wutar

Gogewa ake ta muhawara a kai, alhali wanda ya fi muhimmanci shi ne lissafin da ke zaɓar wa kowa abin da zai fara gani idan ya buɗe waya. An gina shi ne don ya riƙe mutum, abin da ke harzuƙa zuciya kuma shi ya fi jawo martani. Takardun da tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar a 2021 sun nuna cewa daga 2017 alamomin motsin rai, har da fuskar fushi, suna da maki biyar inda alamar "so" ke da ɗaya. Daga baya kamfanin ya rage makin fushin har ya mai da shi sifili. Sauya lamba ɗaya irin wannan ya shafi abin da ɗaruruwan miliyoyin mutane ke gani, ba tare da an goge kalmar kowa ba.

WhatsApp ma misali ne. Saƙonninsa a kulle suke tsakanin mai aikawa da mai karɓa, kamfanin ba ya iya karantawa balle ya tace. Bayan jita-jitar satar yara ta jawo kashe-kashen taron dangi a Indiya, a 2018 ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci ɗaya, ya faɗaɗa matakin zuwa duniya a farkon 2019, sannan a 2020 ya ce saƙon da ya riga ya yawata sosai wuri ɗaya kaɗai za a iya tura shi. Kamfanin ya ce wannan na ƙarshe ya rage yawon irin waɗannan saƙonni da kashi 70 cikin 100. Gwamnatin Indiya ta nemi abin da ya fi haka a ƙa'idojinta na 2021, wato a iya gano wanda ya fara aika saƙo. WhatsApp ya garzaya kotu, yana cewa ba za a iya bin sawun saƙo ɗaya ba sai an yi wa saƙon kowa lamba.

Idan mai dokar ne mai laifin

Akwai tambayar da masu neman tsauraran dokoki ba sa son ji: wa zai riƙe sandar? A Ruwanda da Myanmar, masu iko ne ke bayan farfagandar. Dokar da ta haramta "maganar da ka iya ɓata ran jama'a" ko "zubar da ƙimar ƙasa" ba tare da ambaton niyya da yiwuwar ɓarna ba, ba wa kura ajiyar nama ce. Ɗan jarida da ɗan adawa za ta fara ci. Dokar Habasha ta 2020 ta tsananta hukunci ga wanda mabiyansa suka haura 5,000. Akwai hankali a ciki, tunda nisan magana na cikin ma'aunin Rabat, amma masu kare haƙƙin ɗan'adam sun soki faɗin ma'anonin da ta yi amfani da su. Rufe dandali gaba ɗaya, kamar yadda Sri Lanka ta yi a Maris 2018 lokacin tarzomar Kandy, yana toshe mai tunzuri tare da mai neman ɗan'uwansa da mai ƙaryata jita-jita, masu wayo kuma su zagaya ta manhajar ɓoye adireshi.

Don haka idan aka kawo daftarin doka, akwai wuraren da ya kamata a fara leƙawa: shin ta bambance tunzuri da zagi? Alƙali ne ke ba da umarnin cirewa ko minista? Wanda aka goge wa rubutu na da inda zai kai kuka? Ana buga adadin buƙatun da gwamnati ta aika wa kamfanoni? An tilasta wa kamfani ya faɗi yawan ma'aikatansa masu jin kowane harshe? Dokar Tarayyar Turai ta wajabta wannan na ƙarshe ga manyan dandali, amma a harsunan Tarayyar kawai.

Sai wani abu da ba a cika tunawa da shi ba: rubutun da aka goge shaida ce. A 2017, da YouTube ya saki manhajarsa kan bidiyon ta'addanci, ta kwashe dubban bidiyon da 'yan Siriya suka ɗauka na hare-haren da aka kai musu, waɗanda masu bincike ke tattarawa. Da Gambiya ta kai ƙarar Myanmar kotun duniya ta birnin Hague a 2019 kan abin da aka yi wa 'yan Rohingya, sai da ta je wata kotun Amurka neman a tilasta wa Facebook ya miƙa shafukan jami'an Myanmar da ya goge, kuma sai a 2021 alƙali ya ba da umarnin. Dokar Jamus ta hango wannan, ta ce a adana abin da aka cire na tsawon mako 10 don masu gabatar da ƙara. Mako 10 ya ishi shari'ar mutum ɗaya da ya yi barazana a shafinsa. Shari'ar jagororin gidan rediyon Ruwanda kuwa sai da aka shekara tara bayan kisan kafin a yanke hukuncin farko.